Me zan ninke wa yara da takarda a dogon hutun nan?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaranki uku ne, mai shekara 4 da mai 7 da mai 10, an ba da hutu sun ishe ki da rigimar waya, motocin roba na kasuwa kuma kwana biyu sun karye kuɗi ya bi ruwa, kina son sanin ta ina ake fara yi musu abin wasa da takarda, da wace irin takarda, sannan ko akwai matsala a addinance in an ninke kwaɗo ko tsuntsu. To wannan aikina ne, aikin hannu nake koyarwa a firamare nan Zariya kuma nakan zauna da malaman nazare a kan irin wannan, dan haka zan ba ki abin da na sani, sai dai ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Abu na farko da nake so ki riƙe, kar ki zama ke ce mai ninke musu. Yawancin iyaye nan suke faɗawa, uwa ta zauna ta ƙera jirgi mai kyau ta miƙa wa yaro, ya jefa sau uku ya taka ya dawo yana Mama a yi min wani, kin ga kin koma masana'anta kenan kuma bai rabu da rigimar ba. Amfanin abin yana cikin ninkewar da hannunsa, shi ne yake cinye lokaci, shi ne yake sa yaro ya nutsu, kuma yaron da ya iya ninke jirgi da kansa ba ya kuka in ya lalace dan ya san wani na nan a hannunsa. Dama mu ba baƙin wannan ba ne, yaran Zariya sun daɗe suna yin motar kara da motar langa-langa da 'yar tsana, babu wanda yake saya musu, yayyensu suke kallo su koya. Takarda dai ta fi sauƙi ne kuma ba ta yanka hannu kamar gwangwani.

Kuma ba ɓata lokaci ba ne kamar yadda wasu iyaye maza suke gani. Bajamushen nan Friedrich Froebel da ya kafa tsarin makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna Kindagatin a 1840, ninke takarda yana cikin ayyukan da aka tsara wa yara a tsarin nasa, dan su san murabba'i da alwatika da rabi da kwata ta hannu kafin su gani a allo. Mutanen Japan su ne suka yi fice a abin har duniya take kiransa da sunansu origami, suna da littafi a kai tun 1797, amma jirgin ruwa da hula da jirgin sama da muka taso muna yi a aji ba sai an je Japan ba.

Maganar takarda. Dan Allah kar ki sayi rim, takarda ta yi tsada yanzu tunda yawancinta daga waje ake shigowa da ita, kuma yara za su cinye miki shafi 500 ɗin nan kafin sati biyu. Ki je ko ki aika shagunan hotokofi na Samaru wajen bakin get ɗin ABU ko na Kongo ko Tudun Wada, kullum suna da takardun da inji ya ɓata, gefe ɗaya rubutu gefe ɗaya fari, wasu kyauta za su ba ki wasu ki ba da ɗan wani abu. Masu ɗab'i na Sabon Gari kuma suna da ragowar yanka, wani lokaci har mai kala, wannan shi ne na fi so dan an riga an yanke shi da inji bakinsa a miƙe yake. Sai tsofaffin littattafan rubutu na zangon da ya wuce, da katin biki, da fastocin 'yan siyasa da suka ƙare aiki. Takardar A4 ta hotokofi, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, ita ce daidai wa daida, tana riƙe ninki ba ta da kauri ba ta da laushi. Jarida ta yi laushi ga jirgin sama amma tana yin hula babba da yaro zai sa a kai. Fasta mai sheƙi tana da kyau a ido sai dai in aka ninke ta sau biyu a wuri ɗaya tsagewa take, ki bar ta wa fanka da sarƙa.

Kafin ki ba yara kowace takarda ki zauna ki tace ta da kanki, wannan ba na wasa da shi. Duk wadda take da aya ko hadisi ko sunan Allah ko bisimilla a sama ki ware ta gefe, littafin Islamiyya kam ba a ma maganarsa, kalanda da yawa suna ɗauke da ayoyi, jaridu ma akwai shafin addini musamman na Juma'a, har takardar gayyatar ɗaurin aure sau da yawa da bisimilla take farawa. Abin wasa ƙasa yake ƙarewa, a taka shi a share a kai bola. Ki nuna wa mai shekara 10 ɗin yadda ake dubawa ya zama shi ne mai tacewa, zai ji an ba shi girma. Haka takardun hotokofi in kin ga mai ɗauke da sakamakon jarrabawar wani ko lambar asusunsa na banki ki cire ki ƙona, amana ce. Sannan ki kafa doka tun ranar farko, takardar wasa tana cikin wannan kwalin, wanda ya yagi littafin makaranta an rufe kwali kwana biyu. In ba ki yi haka ba wallahi ranar komawa makaranta za ki tarar littafin lissafi ya rage bango.

Kayan aiki ba su da yawa, almakashi mai dunƙulallen baki irin na 'yan makaranta, fensir, kala, zare, da tire ko faranti mai faɗi ko wani katako da za a ɗora a kai, dan ba a ninki a kan katifa ko tabarma, layin ba ya fita. Reza a'a, sufa gulu a'a, ko da kina wurin. In ana buƙatar gam ki dama fulawa cokali ɗaya a ruwa kamar cokali biyar ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ta yi kauri, ki sa ɗan gishiri, ta huce, tana kama takarda sosai kuma ko ƙaramin ya kai baki ba komai. Ki yi kaɗan dan tana tsami kuma kyankyasai da tururuwa suna sonta. Ƙaro da ake jiƙawa a sa a tawada shi ma yana yi.

Yadda za ki zauna da su yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato. Ki zauna a gefen yaro, kafaɗa da kafaɗa, ba gaba da gaba ba, in kina fuskantarsa damarki hagunsa ce sai ya rikice ki ɗauka ba ya ganewa ne. Ke da takardarki shi da tasa, ki yi ninki ɗaya ki tsaya ya yi nasa, ko ya karkace ki bar shi, kar ki karɓe daga hannunsa ki ce kawo in gyara, in ya zama dole ki buɗe taki ki sake yi a hankali yana kallo. Ninkin kuma ana yinsa ne daga jiki zuwa gaba, a ɗauko bakin da yake kusa da ciki a kai shi kan na nesa, a haɗa kusurwa da kusurwa, hannu ɗaya ya danne, yatsan ɗaya hannun ya gangaro tsakiya sannan ya share dama ya share hagu, a bi da farce har layin ya fito kamar karin guga a shadda. Rabin abin da ake cewa ya ƙi yi, layin ne bai kwanta ba. In cikinsu akwai bahago ki ƙyale shi da hannunsa.

Mai shekara 4 ba ruwansa da daidaita kusurwa tukuna, kar ki matsa mishi. Ki ba shi mafici, a ninke faɗin yatsa biyu a juya takardar a sake ninkewa a juya, haka har ƙarshe, a ɗaure gindin da zare a baza sama. Ki bar shi ya yi zane a jiki kafin a fara. Sai sarƙa, ke ki yanka sirara shi ya shafa gam ya zura ɗaya cikin ɗaya, a rataya a ɗaki. Har yayyaga takarda da dunƙule ta ya yi ƙwallo aiki ne a wurinsa, yana ƙarfafa yatsun da gobe zai riƙe fensir da su. Minti goma sha biyar in ya tashi ki bar shi ya tafi.

Manyan biyu ki fara koya musu fitar da murabba'i daga A4, dan abubuwa da yawa da shi ake farawa. A ɗauki kusurwa ɗaya ta sama a kwantar da gajeren bakin a kan dogon baki, alwatika za ta fito da ragowar yanki a ƙasa, a yanke yankin. In babu almakashi a ninke layin gaba a ninke baya a bi da farce sau uku, a ɗora a bakin tebur a ja, zai rabu sumul. Yankin da aka cire kar a yar, akwai aikinsa.

Da murabba'in nan a yi kofi, ninki biyar ne kacal. A ninke shi kusurwa zuwa kusurwa ya zama alwatika, dogon bakin yana ƙasa tsinin yana sama. A ɗauko kusurwar dama a kai ta ta taɓa gefen hagu, yadda bakin saman abin da aka ninko zai kwanta a miƙe, a ɗauko ta hagu ita ma a kai ta dama ta hau kan ta farko. A sama za a ga kunne biyu, ɗaya a kwantar da shi gaba ɗaya baya, a sa yatsa a buɗe. Ina fara wa yara da kofi ne saboda nan take yake aiki, ki zuba mishi gyaɗa ko gugguru a ciki ki ga yadda fuskarsa za ta yi. In an huda gefe aka ɗaura zare kamar kamu biyu da dunƙulen takarda a ƙarshensa, ya zama wasan cafke, a wurga ƙwallon sama a tare da kofin, wannan kaɗai yana iya cinye musu yamma guda suna ƙirga wa ya fi.

Jirgin ruwa da A4 ɗin gaba ɗaya ake yi ba murabba'i ba. A ninke biyu, sama zuwa ƙasa, rufaffen bakin yana sama. A nemo tsakiya, a kwantar da kusurwoyin sama biyu su haɗu a tsakiyar kamar rufin ɗaki. Leɓen da ya rage a ƙasa biyu ne, ɗaya a naɗe shi sama ta gaba ɗaya ta baya, to a nan an samu hula, in da jarida aka yi a tsaya nan a sa a kai. In jirgi ake so sai a zura manyan yatsu cikin hular a buɗe ta har ƙarshenta biyu su haɗu ta kwanta ta zama murabba'i, a ɗaga kusurwar ƙasa zuwa sama ta gaba, a juya a yi haka ta baya, a sake buɗewa a kwantar kamar ɗazu, sannan a kama tsini biyu na sama a ja su waje a hankali. Wurin buɗe hular nan ne yara suke maƙalewa, ki yi shi sau da yawa a gabansu. Dabarar da take sa ya daɗe a ruwa ita ce a goga kyandir ko kalar kakin nan a takardar ta waje kafin a fara ninki, ruwa ba ya saurin shiga. Sai ki ba su tsakuwa ƙanana ko wake su riƙa lodi suna ƙirgawa har ya nutse, na wa ya fi ɗauka, me ya sa in an tara lodin gefe ɗaya yake kifewa.

Amma ki ji ni da kyau a nan, hutun nan cikin damina yake faɗowa, Agusta kuma kin san yadda ruwa yake a garin nan. A baho ko roba a tsakar gida za a yi, ba a kwata ba ba a lambatu ba, dan yaro in ya saki jirgi a ruwa mai gudu binsa yake yi bai san inda ƙafarsa take ba, ga ƙazanta ga ramuka, unguwannin da suke kusa da Kubanni kam ba sai na faɗa ba. Bahon ma in an gama a zubar da ruwan, ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba kuma ba a jin ƙara.

Jirgin sama shi ne inda zan daɗe, dan a nan ne wasa yake komawa ilimi kuma yaran Zariya suna da abin da wasu ba su da shi, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan Palladan tun 1964, ƙananan jiragen koyo suna wucewa ta kansu suna gani. Ninkin kowa ya sani, a ninke A4 ta tsawo a buɗe, kusurwoyin sama biyu su zo layin tsakiya, a sake kawo gefunan da suka karkata su ma zuwa tsakiya, a rufe biyu, a kwantar da fiffike ɗaya nan ɗaya can a bar wurin riƙewa kamar faɗin yatsa. Abin da yawanci ba a sani ba shi ne gyara bayan an gama. Yaro ya jefa jirgi ya faɗi sai ya ce bai yi ba ya yar ya ɗauki wata takarda, alhali jirgin lafiyarsa lau saiti ne babu. Ki koya mishi ya riƙe jirgin a gaban idonsa ya leƙa ta hanci, fiffiken biyu daidai suke ko ɗaya ya fi ɗaya? Sannan fikafikan su ɗan ɗaga sama kaɗan ba su rataya ƙasa ba, ɗagawar nan ce take sa in ya karkata ya dawo da kansa. In yana sunkuyawa ya soki ƙasa, a ɗan lanƙwasa bakin bayan fikafikan sama, kaɗan fa, da farce. In kuma yana ɗaga kai sama ya tsaya ya faɗo, lanƙwasar ta yi yawa a rage, ko a ƙara wa hancin nauyi da ɗan ninki. In yana karkata hagu kullum, a duba bayan fikafikan, ɗaya ya fi lanƙwasa. Jirgin gaske ma da irin wannan faifan da yake motsi a wutsiyarsa matuƙi yake ɗaga hanci ya sauke, ki faɗa wa babban haka ki ce ya lura in jirgin koyo ya wuce ƙasa-ƙasa.

Dokar ita ce a canja abu ɗaya a jefa a gani, ba uku a lokaci guda ba, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Ki ja layi da gawayi a tsakar gida su riƙa aunawa da taku suna rubutawa. Ki gaya musu manya ma suna gasar wannan, a 2022 a Amurka an jefa jirgin takarda ya yi sama da mita 88, wani ɗan Japan Takuo Toda kuma nasa ya yi daƙiƙa 29.2 a sama a 2010. Tsinin hancin ki sa a ninke shi ciki kaɗan saboda ido, kuma ba a jefa wa mutum, ba a jefawa wajen murhu. Da damina takarda tana shan laima ta yi laushi jirgi ya ƙi tafiya, ki riƙa ajiye ta cikin leda a ɗaure.

Yankin nan da aka cire wajen yin murabba'i, shi ake yin farfela da shi. A raba shi biyu ta tsawo ya zama siriri. A tsaga shi daga sama ta tsakiya har kusan rabi, kunne biyu kenan, ɗaya a kwantar gaba ɗaya baya. A ƙasan inda tsagar ta tsaya a bar faɗin yatsa, a ɗan yanka ta dama da ta hagu kashi ɗaya cikin uku, a naɗe gefunan ciki su zama ƙafa siririya, a ninke ƙarshen ƙafar sama sau biyu dan nauyi. A hau kan turmi ko dakali a saki, zai sauko yana juyi. Ki tambaye su ta wane gefe yake juyawa, sannan ki ce su musanya kunnuwan, na gaba ya koma baya, su sake saki, zai juya ta ɗaya gefen. Kar ki faɗa musu kafin su gani.

Fanka mai sanda kuma murabba'i ne, a ninke kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu a buɗe, a bi layukan huɗu da almakashi daga kusurwa a tsaya saura kamar santimita 2 a kai tsakiya. Tsini takwas za a samu, a ɗauki ɗaya a tsallake ɗaya, huɗu kenan, a tanƙwaro su tsakiya ba tare da an danne ba, a soke da fil a kafa a sillen kara, totuwar cikin karan tana riƙe fil ɗin da kyau. In ta ƙi juyawa ramin ne ya matse ko tana gogar karan, a faɗaɗa ramin a sa ɗan dutsen ado ɗaya tsakani. Sokewar aikinki ne ke, kuma in ƙaramin zai riƙe ki tabbata tsinin bai ɓullo ta baya ba. Wannan ta fi daɗi da hunturu in iska ta taso, amma yaro yana gudu da ita ma tana yi.

To kwaɗo, wanda kika tambaya. Kati mai ɗan tauri yake so, katin biki da aka tace ko bangon littafi, tsawonsa ya kusa ninka faɗinsa. A saman katin a ninke kusurwar dama zuwa gefen hagu a buɗe, ta hagu zuwa dama a buɗe, layi biyu sun gitta juna. A juya a ninke a kwance daidai inda suka haɗu, a buɗe a juyo, a tura gefunan biyu ciki saman zai rufto ya zama alwatika. Kunnuwan alwatikar biyu a ɗaga su sama su ne hannuwa. Gefunan jikin a kawo su tsakiya, a ninke ƙasan sama har gindin alwatikar, a sake ninke rabinsa ya dawo ƙasa. A kifa shi, a danna bayansa da yatsa a zame, zai yi tsalle. Ninkin ƙarshen nan kaɗai ne ba a son a danne shi da farce sosai, dan shi ne yake aikin sifirin.

A kan hukunci, ni ba malamar fiƙihu ba ce dan haka in zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi, amma ga abin da yake a littattafai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Abu Dawuda ma an ambaci doki mai fikafikai a cikin kayan wasanta kuma bai hana ba. Haka sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin suna yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki ranar azumin Ashura, yaro in ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Da waɗannan ne malamai da yawa suka ware abin wasan yara daga hanin sura. In duk da haka kin fi son kaucewa, kin ga jirgi da kofi da fanka da farfela babu mai rai a ciki, sun ishe ku hutu guda.

Akwai wani da nake so ki juya mishi amfani, abin nan mai baki huɗu da ake zura yatsu ana buɗewa ana rufewa. Murabba'i ne, kusurwa huɗu zuwa tsakiya, a kifa, kusurwa huɗu zuwa tsakiya kuma, a ninke biyu a zura yatsu cikin aljihunan. 'Yan makaranta sukan rubuta wa za ka aura ko me za ka zama a ciki, ni ba na son wannan dan yana kama da koya wa yaro duba. Ki sa su rubuta lambobi a waje, a ciki kuma tambayar sau, bakwai sau takwas, ko kacici-kacici, ko sunayen ƙofofin Zazzau, Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo, wanda ya faɗa kan lamba ya amsa. Mai shekara 7 zai haddace jadawalin sau bai san yana karatu ba.

Shi kuma babban ki ba shi ƙalubale, ya ninke takarda biyu, ya sake, ya sake, sau nawa zai iya? Yawanci a shida ko bakwai A4 take ƙi, dan kowane ninki yana ruɓanya kauri, 2, 4, 8, 16, a na bakwai shafi 128 ne a hannunsa. An daɗe ana cewa ba a wuce bakwai har wata ɗalibar sakandare a Amurka, Britney Gallivan, ta yi sau 12 a 2002 da siririyar takarda mai tsawon kusan mita 1,200. Ki bar shi ya lissafa shafi nawa ne a na goma sha biyu.

Batun bidiyo, akwai su birjik a YouTube kuma suna taimakawa, amma ke za ki kalla da dare in sun yi barci, ki ninke abin sau biyu ko uku har hannunki ya riƙe, da safe ki koyar babu waya a wurin. In kika ajiye musu wayar dan su bi, minti biyar sun koma katun. Kuma kar ki juye musu duka a rana ɗaya, abu ɗaya ya isa kwana biyu ko uku, a yi babba a yi ƙarami a yi mai kala a yi gasa, sai kin ga babban ya iya koya wa mai shekara 7 ɗin ba tare da ke ba sannan a wuce gaba. In suka ƙware a waɗannan, mataki na gaba shi ne akwati mai murfi da ake yi da murabba'i biyu, ɗaya ya fi ɗaya da rabin santimita dan murfin ya shiga, sai tsuntsun nan na Japan mai dogon wuya, amma shi yana da ninkin da ake tura tsini ciki wanda rubutu ba ya bayyana shi da kyau, gara ki gan shi a bidiyo, kuma da takarda marar kauri irin ta littafin rubutu za ki fara dan ta hotokofi tana yin tauri a wuyan.